Injin Motata a Cikin Jirgin Albasa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Birnin Kebbi, ni da bakanikena, a cikin motar da 'yan unguwarmu suka riga suka yanke wa ƙauna. Masu bin labarinta sun san shekara biyu ke nan ina zuba mata albashina. Waɗanda ba su sani ba kuwa, ga shi a taƙaice. Tsohuwar 504 ce ta tsere, irin waɗanda muka riƙa tsayawa bakin titi muna kallo muna yara. Na tsince ta a Koko, bayan rumfar wani mai walda, kaji na yin ƙwai a mazaunin direba. Kujera biyu ce kacal a cikinta, baya kuwa ƙarafa ne aka giggicciya aka yi musu walda, domin ko ta wuntsila kada rufin ya danne mutum. Mun kankare tsatsa, mun yi fenti, mun sa birki da tayoyi, mun sauke ta ƙasa-ƙasa don ta kama kwalta. Abu ɗaya ya rage, kuma shi ne babba: injinta na asali ba ya ciki. Wanda muka ɗora mata na tasi ne, ya sha gyara tsaf, amma na tasi na tasi ne. Ga shi ƙarshen watan gobe za a yi tseren tsofaffin motoci a kan kwalta, na kuma riga na ba da sunana. Da injin tasi sai dai in je in yi ta kallon ƙeyar mutane. Mai waldan ya ce mana bayan motar ta yi haɗari, injinta mai kafireto biyu Yawuri aka kai shi. Nemansa ne ya fito da mu.

Daga Kalgo zuwa Jega titi lafiya lau, motar na tafiya kamar an ɗora ta a kan zare. Wahalar ita ce zafi. Tsakiyar bazara ce, motar tsere kuwa ba ta da shimfiɗa ko ɗaya, ƙarfe ne tsirara a ƙarƙashin ƙafarka. Kafin hantsi bakanikena ya cire takalmansa ya ɗora ƙafafu a kan akwatin sifana, yana faɗin shi dai Allah ya isa tsakaninsa da duk wanda ya ƙirƙiro wasa da mota. Dattijo ne mai baki, amma hannunsa ya fi bakinsa kaifi, shi ya sa nake haƙuri da shi. A wani shingen hanya masu kaki suka leƙa, suka ga ƙarafan baya, ɗayansu ya tambaye mu ko fursuna muke ɗaukowa. Lambar motar ma ta Sakkwato ce har yanzu, don ban samu na je an sauya mini ta sabuwar jiha ba. Sai da muka buɗe musu gaba suka ƙare mata kallo sannan muka wuce.

A ƙasar Shanga muka tsaya a wata tunga neman mai. Gidajen mai duk a bushe suke tun daga Koko, sai 'yan bumburutu da galan-galan a gindin itace, kuɗin da suka faɗa kuwa sai da na sake tambaya, na ɗauka da mota za su haɗa mini. Mangwaro ne kawai ke arha, ana zuba maka kwano guda a kan abin da ba zai saya maka uku a birni ba. Muna shan fura wani tsoho ya zagaye motar sau biyu da sandarsa, ya leƙa ciki, ya ce, "Yaro, in ka ɗauki matarka, ɗiyanka hwa? Bisa ƙarhe za su zamna?" Na ce masa ta gudu ce, ba ta iyali ba. Ya ce, "Gudu zuwa ina?" Bakanikena har da ƙwarewa don dariya.

Mun shiga Yelwa, babban garin Yawuri, rana tsaka. Wanda bai taɓa zuwa ba, hancinsa zai riga idonsa sanin garin: albasa da bandar kifi. Albasa tsibi-tsibi a bakin ruwa, ana ɗura ta a buhu ana lodin manyan motoci masu zuwa kudu. Gefe guda masu sassaƙar jirgi na ta buga ƙusa, suna cusa auduga a tsakanin katakai don kada ruwa ya shiga. Na tsaya kallonsu har na manta abin da ya kawo ni. Ba awo, ba zane, ido kawai da igiya, amma jirgin na fitowa daidai. Muka ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi a wata rumfa, mai abincin ta sa mini giwan ruwa yanka ɗaya wanda ya cika kwano. A nan na fahimci abin da muke ci a birni da sunan kifi, haƙuri ne kawai.

A layin kanikawa kowa ya san injin. Da ka ce "mai kafireto biyu" sai a fara murmushi. Ashe da farko wani mai injin niƙa ne ya saya, yana murna ya samu mai ƙarfi. Ƙarfin ya yi yawa, gari na fitowa da zafi yana ƙauri, mata suka ƙaurace masa. Sai ya sayar wa wani mai jirgi a Wara, can ƙasar Ngaski. Wannan labari ya girgiza ni. Ni a tunanina injin na kwance a wata kusurwa cikin tsumma yana jirana, ban taɓa kawo cewa yana cikin ruwa ba.

Hanyar Wara ita ce ta koya wa motar ladabi. Mun sauke ta ƙasa don kwalta, ga shi kwaltar ta ƙare mana, sai ramuka da kwazazzabai. Duk dutsen da ya daki cikinta, a haƙarƙarina nake jin sa. Tafiyar hawainiyar ta ba ni damar kallo. Manoman Kambari na sharar gona kafin ruwa ya sauka, matansu na tafe a jere da kaya a kafaɗa, ba a ka ba, ƙwarya ɗare a gefen wuya kuma ko kaɗan ba ta motsi. A wani ƙauye na ga ƙaramin coci mai rufin kwano, masallacin jinka a tsallaken hanya, akuyoyi na kai da komo tsakaninsu. Mun isa Wara, garin da ke bakin babban tafki, da yamma, muka sauka gidan wani malamin makaranta da muka yi karatu tare.

Da safe muna bakin ruwa ina cinikin ƙosai, sai na ji shi. Ban gan shi ba, jin sa na yi. Wani ruri ne mai kauri ya taso daga tsakiyar tafki, irin wanda rabona da ji tun ina ɗan firamare. Ba na ɓoye muku, idona ya kawo ruwa. Bakanikena ya ajiye ƙosansa ya ce, "Shi na, wallahi shi na." Can sai ga jirgin katako dogo ya ɓullo, goshinsa a sama, yana tsaga ruwa.

Da ya tsaya muka leƙa. Injin na zaune a tsakiyar jirgin a kan katakai biyu, an haɗa shi da dogon ƙarfe mai farfela. Ba lagireto, tiyo ne ke zuƙo ruwan tafki ya zagaya ya fita ta gefe. Ya yi baƙi ƙirin, an ɗaura masa laya a wuyan kafireto, amma dai shi ne. Mai jirgin dattijo ne siriri mai furfura, ba ya gaggawar magana. Muka gaisa, na faɗa masa abin da ke tafe da ni, ina jiran a yi doguwar ja-in-ja. Sai ya ce, "Malam, injin ga bai taɓa ba ni kunya ba. Amma shan mai garai, ga mai ya yi wuya, abin da nika samu duk cikin cikinai shika ƙarewa. In na motarka ba shi sha, mu yi musaya." Abin nema ya samu. Na miƙa hannu, bai karɓa ba. Ya ce, "Mu nan ba mu ƙulla cinikin inji bisa tudu. Sai ya ƙetare da kaya ya komo, kuma mai shi shina ciki. In ya ƙetare, magana ta ƙare, ba tashi." Na ce na yarda, ko tambaya ban yi ba. Ban kuma faɗa masa cewa ban iya ruwa ba.

Yinin ranar a gindin tsamiya muka yi shi. Aka kafa itace uku, aka rataya sarƙa, majiya ƙarfi suka taru. Tun da duk injinan na 504 ne, mazauninsu ɗaya, aikin bai yi gardama ba. Kafin magariba injin tasi ya shiga jirgi, injin tsere na zaune a kan tsohuwar taya kusa da motata, an lulluɓe shi da tabarma. Na yi ta ɗaga tabarmar ina leƙawa kamar sabon ango.

Washegari jajibirin kasuwa ne, jirgin zai je wani gungu, wato tsibiri, ya kwaso albasa da masu ita. Ni da bakanikena muka shiga, zuwa dai daɗi. Injin tasi na ta sululu, ba hayaniya, mai jirgin na duba jarka yana gyaɗa kai don man ba ya raguwa. Ruwa ya ja baya a wannan lokaci na shekara, sai ka ga kawunan matattun itatuwa sun leƙo nan da can. Mai jirgin ya nuna mini wani wuri da haɓa, ya ce garinsu na nan ƙasa, tun da aka datse kogi ruwa ya cinye shi, har da rijiyar gidansu da kukar da suke wasa a gindinta. Na leƙa, ba abin da na gani sai fuskata. Masunta na jan taru a gefe, suna kwaso ƙananan kifin nan da suke kira warangi, ana shanya su a kan tabarmi suna ƙyalli.

Muka isa gungun, bakin ruwa ba kowa sai agwagi. Mai jirgin ya yi tsaye yana mamaki. Muka jira, muka gaji, ya aika a kira mutane. Can sai ga wata dattijuwa, ita ce babbar masu albasa, tana tafe tana faɗa: "Yaushe kunka zo? Mu ba mu ji kukan jirgi ba! Mi ya same shi, mura ya yi?" Ashe mutanen gungun ba su da wani agogo sai injin nan. Tun yana tsakiyar tafki suke jin rurinsa, sai mata su fara ɗinke buhu, maza su fara jido, kafin ya iso kaya na bakin ruwa. Yau da ya zo shiru, kowa na gona ko gindin murhu. Mai jirgin kansa bai kawo wannan a ransa ba, don shi kullum a cikin ƙarar yake. Muka yi ta dariya, har da ni. Lodin da ake gamawa da hantsi bai ƙare ba sai bayan azahar.

Mun taso jirgi cike maƙil, buhuna har baki, mata da goyo a kansu, awaki a ɗaure, har da keke. Injin ya ja, amma da nishi. Mun kai tsakiya sai na lura hira ta mutu, kowa na kallon gabas. Hadari ne ya haɗo, baƙi wuluk, irin na farkon damina mai zuwa da iska kafin ruwa. Mai jirgin ya tura totur har ƙarshe. Na san muryar injin nan, ni na saya masa kowane zobe, na kuma san ba shi da sauran abin bayarwa. Iska ta cim mana tun gaɓa na can nesa.

Ba zan iya kwatanta muku yadda tafki ke sauya fuska ba. Ruwan da na ga fuskata a cikinsa da safe, shi ne ya tashi yana dukan jirgi yana zubowa ciki. Duk igiyar da ta zo, jirgin sai ya hau da ƙyar, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya gangara. Mata na kwarfar ruwa da ƙorai. Wasu na salati, wata kusa da ni na kiran Yesu, wani tsoho ya kwance ƙullin taba ya watsa a ruwa yana magana da harshensu. Ni dai na rungume buhun albasa, na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Bakanikena ya duƙa a kan injin ya rufe shi da rigarsa don kada ruwa ya taɓa fulogi. Da jirgin ya fara karkata wajen matattun itatuwan nan, mai jirgin ya ce a rage kaya. Kowa ya dubi na wani. Dattijuwar nan ce ta dafa nata ta ce, "Ku hwara da nawa." Ina kallo aka tura buhunanta cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, noman rani guda. Jirgin ya ɗan ɗago, muka lallaɓa. Ana kiran la'asar muka daki gaɓar Wara, ruwan sama na sauka, ba wanda ya rasa ransa.

Na fito na zauna a kan yashi. Dattijuwar na gefena tana matse zanenta. Na ce, "Inna, sannu. Albasarki..." Ta ce, "Ruwa ya ci rabonai, ɗana." Sannan ta ƙara da cewa, ba da faɗa ba, "Da mai kukan nan na, da hadarin ga gida zai ishe mu." Jiki magayi. Ba sai bakanike ya yi mini lissafin ƙarfin inji ba.

Mai jirgin ya zo ya tsaya a kaina, ya miƙo hannun da ya hana ni jiya. "To Malam, ya ƙetare, ya komo. Inji naka na." Ga shi can gindin tsamiya ƙarƙashin tabarma, abin da na yi shekara biyu ina mafarki, ba kuma wanda zai ce na cuci wani. Na dube shi, na dubi matan da ke sauke 'ya'yansu daga jirgi. Wallahi ina son injin nan, har yanzu da nake rubutun nan ina son sa. Amma na ji bakina na cewa, "Baba, a mayar da shi jirgi, na fasa." Fuskarsa ta ɗaure. Ya ce ba a tashin ciniki bayan ruwa ya shaida, in ya yi haka ba mai sake yarda da maganarsa a bakin tafkin nan. Mutane suka taru, kowa na goyon bayansa, har da waɗanda suka kusa nitsewa.

Muka yi cirko-cirko. Dattijuwar ce ta raba gardamar, tana daga zaune. Ta tambayi mai jirgin, inji na wane ne yanzu? Ya ce na Malam. Ta ce to mai abu ba shi da ikon ba da ajiya? Na ce, "Baba, na ba ka ajiyar injina, a cikin jirginka nake so ya zauna." Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ajiya ba a ƙin ta. Kai kuma da mi za ka koma gida?" Na ce sai dai in ya ara mini nasa. Nan wurin ya kaure da dariya, shi ma sai da ya dara.

Bakanikena bai yi mini magana ba duk washegari, ban da tsaki. Aka sake kafa itace, aka sake rataya sarƙa, ya mayar da kowane inji inda ya fito. Amma da ya zo kan kafireto biyun nan, hannunsa ya ƙi barin su. Ya wanke su tas, ya kasa kunne yana murɗa nan yana murɗa can har muryarsu ta zama ɗaya, ya ce shekara da shekaru ɗaya na zuba mai fiye da ɗaya, yanzu shan zai ragu. Da aka tayar, rurin ya cika bakin ruwa, mata masu bandar kifi suka yi guɗa. Shi kuwa ya juya baya yana goge hannu, wai hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Dawowa ba mu yi sauri ba. Ruwan da aka yi ya cika ramukan hanyar Ngaski, manoma sun fito shuka. Inda ƙarafan baya suke, mutanen gungu sun cusa mana buhun albasa da ƙullin busasshen kifi, duk shingen da muka tsaya sai an tambaye mu ko sayarwa muke. Mun shigo Birnin Kebbi da yamma. Maiɗakina ta fito ta leƙa motar, ta shaƙi warin albasa, ta ce, "Ina injin?" Na ce na same shi, nawa ne halak malak. Ta ce to yana ina? Na ce sai na ci abinci.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Ni da nake cewa ina mayar da mota yadda take a da, na ɗauka duk abin da ya fita daga jikinta yana can a ajiye yana jiran in zo. Ashe abu ba ya jiran mai shi, in ya bar hannunka sai ya shiga rayuwar wasu, su gina lokacinsu da kasuwarsu a kansa. Na kuma yarda da mutanen bakin ruwa: kada ka ƙulla cinikin abin da ba ka zauna a cikinsa ba. Tseren dai zan shiga, da injin aro. In kun je kallo kuka ga wata farar 504 can a baya tana ta haƙilo, kada ku ji tausayin mai ita, ku ɗaga masa hannu kawai. Yana da injin tsere, yana bakin aiki ne a Wara.